Kundin Aikin Mayar da Ciyawar Teku a Gaɓar Gabashin Virginia

18 ga Mayu, 2024

Yau aka tabbatar mini cewa sunana ya shiga cikin 'yan sa-kai da za su tsinko irin ciyawar teku a bana, shi ya sa na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya tun daga tsinkar iri har zuwa tsirowarsa. Wurin aikin shi ne tafkunan ruwan gishiri da ke gabashin jihar Virginia ta Amurka, tsakanin wani siririn zirin ƙasa da ake kira Eastern Shore da jerin tsibiran yashi waɗanda suke tare igiyar Tekun Atlantika. Ruwan tafkunan ba shi da zurfi, a wurare da yawa bai wuce ƙugun mutum ba idan ruwan teku ya janye, kuma sau biyu a kowane kwana ɗaya sabon ruwa yana shigowa ta mashigan da ke tsakanin tsibiran, sannan ya koma.

Ciyawar da ake aiki a kanta masana suna kiranta Zostera marina. Bai kamata a haɗa ta da gansakuka ba, domin ita cikakken tsiro ce mai saiwa da ganye da fure da ƙwaya, sai dai duk rayuwarta a ƙarƙashin ruwan gishiri take yin ta. Ganyenta dogo ne siriri kamar tsagin kaba, saiwarta kuma tana rarrafe a cikin laka kamar ta tofa, tana fitar da sabon tsiro a kowace gaɓa. Da can ta lulluɓe ƙasan waɗannan tafkuna, kuma a cikinta wata irin kumbar teku mai ɓawo kamar mafici, wadda ake kira sikalof, take hayayyafa har masuntan yankin suka mai da ita sana'a. A farkon shekarun 1930 wata cuta da wata ƙwayar halitta mai suna Labyrinthula take haddasawa ta kashe mafi yawan wannan ciyawa a gaɓa biyu na Arewacin Atlantika, sannan guguwar watan Agustan 1933 ta ƙarasa abin da ya rage a nan. Sana'ar sikalof ta mutu nan take. Wannan guguwa ce kuma ta karya zuciyar mutanen ƙauyen Broadwater na tsibirin Hog, waɗanda daga baya suka ɗora gidajensu a kan jiragen ruwa suka ƙaura zuwa garuruwan Willis Wharf da Oyster da ke Eastern Shore, inda wasu daga cikin gidajen suke tsaye har yau.

A wurare da dama ciyawar ta dawo da kanta sannu a hankali, amma a nan aka shafe kusan shekara saba'in ƙasan ruwan yana nan tas, ba ko tsinke. An daɗe ana zaton ruwan ne ya ɓaci. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka ga wani ɗan kumburin ciyawa ya fito da kansa a South Bay, ɗaya daga cikin tafkunan, abin da ya sa Robert Orth na Cibiyar Kimiyyar Teku ta Virginia da abokan aikinsa suka fahimci cewa ruwan lafiyarsa ƙalau, iri ne kawai babu. Ƙwayar wannan ciyawa tana da nauyi, tana nutsewa kusa da uwarta, kuma babu wata gonar ciyawa a kusa da ruwa zai ɗauko ta daga can. Aka yi gwaji a 1999, aka fara yafa iri da yawa a 2001. Rahoton da masu aikin suka buga a 2020 ya nuna cewa an yafa ƙwaya fiye da miliyan 70 a filayen da jimillarsu ta ɗan haura hekta 200, a tafkuna huɗu, wato South da Cobb da Spider Crab da Hog Island, ciyawar kuma ta bazu da kanta har ta rufe hekta 3,612. Wannan tazara da ke tsakanin abin da hannun mutum ya shuka da abin da ya tsiro ita ce ta jawo ni wurin.

29 ga Mayu, 2024

Fitarmu ta farko. Mun taru a tashar kwalekwale ta Oyster, inda ma'aikatan ƙungiyar Nature Conservancy, wadda ke kula da tsibirai 14 na wannan gaɓa kuma take shirya 'yan sa-kai tun 2008, suka raba mana rigunan roba da tabaran nutso mai bututun numfashi da jakar raga ga kowa. Lokacin fita ba ya bin agogonmu, janyewar ruwa yake bi, domin ana so a isa filin ruwa yana kusa da ƙarshen janyewarsa, a yi aiki na 'yan awoyi, a baro wurin kafin ya ciko.

Kafin mu shiga ruwa an nuna mana bambancin ganye da karan da ke ɗauke da ƙwaya, kuma wannan shi ne darasin da duk aikin ya rataya a kansa. Ganyen zalla kore ne shar, shimfiɗaɗɗe. Karan iri kuwa ya fi shi haske, yana da ɗan rawaya-rawaya, zagayayye ne a hannu, yana da rassa, kuma a kowane reshe akwai wani ɗan kube wanda ƙwayoyin suke jere a cikinsa kamar ƙananan ƙwayoyin shinkafa. Shi kaɗai ake tsinka, a bar saiwa a ƙasa. Da farko idona bai iya rabe su ba, domin duk abin da ke gabana yana kaɗawa tare da ruwa, amma bayan kamar rabin awa sai hannuna ya riga idona ganewa, na daina dubawa na koma lalube. Wannan tsinka ba ta cutar da gonar, saboda karan iri dama da ya zubar da ƙwayarsa yake tsinkewa ya bi ruwa, kuma abin da mutane suke iya ɗiba kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da filin yake zubarwa.

Abin da ba zan manta ba shi ne hasken ruwan. A hanyarmu ta zuwa, inda ƙasa take tsirara, ruwan ya yi launin kunu saboda iska tana tayar da laka. Muna shiga tsakiyar ciyawar sai na ga ƙasa ƙarara, na ga ƙananan kifaye da ƙaguwa da wani siririn kifi mai kama da tsinke wanda yake tsayawa a tsaye tsakanin ganyaye don kada a gan shi. Ganyen yana rage ƙarfin ruwa har laka ta kwanta, saiwa kuma ta riƙe ta, hasken rana ya ƙara kaiwa ƙasa, sabon tsiro ya samu abin da yake buƙata. Ke nan da zarar gonar ta kai wani girma, ita take gyara wa kanta wurin zama. Na karanta wannan a takarda tun tuni, amma sai yau na gan shi a tazarar da ba ta wuce jifa ɗaya ba.

4 ga Yuni, 2024

An soke fitar yau saboda iska. Ba ƙaramin rashi ba ne, domin kwanakin da ƙwaya take nuna kafin ta zube ba su wuce mako biyu zuwa uku ba, kuma ba kowace rana janyewar ruwa take dacewa da hasken rana ba. Ma'aikatan suna duba kuben iri kusan kullum don su san inda aka kwana: idan aka yi gaggawa a samu ɗanyar ƙwaya, idan aka yi jinkiri a tarar da kube fayau.

12 ga Yuni, 2024

Na samu fita sau biyu bayan waccan, kuma a ta ƙarshe kube da yawa sun riga sun buɗe, alamar cewa tsinkar bana ta zo ƙarshe. Yanzu duk abin da aka tara yana cikin manyan tankuna a bakin ruwa a Oyster, inda famfo yake zuba musu ruwan teku dare da rana, ana kuma hura musu iska. A nan karan zai ci gaba da nunar da ƙwayarsa ya zubar da ita a ƙasan tanki, shi kuma ya ruɓe. Aikin wannan lokaci shi ne juya tarin ciyawar don kada ta dunƙule ta shaƙe, da sa ido a kan famfo, domin idan ruwa ya tsaya cikin zafin Yuni, wahalar mutane masu yawa tana iya lalacewa cikin ɗan lokaci. Wurin yana wari sosai, kuma warin ne yake nuna cewa ruɓewar tana tafiya yadda ake so.

9 ga Yuli, 2024

Tun da babu aikin ruwa a wannan wata, na yi amfani da damar na bi sawun ruwan da ke shiga tafkunan daga tudu, domin tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce dalilin da ya sa iri kaɗai ya wadatar a nan, alhali a wurare da dama na duniya an shuka wannan ciyawa ta mutu. Amsar tana cikin rafuka.

Zirin Eastern Shore ƙasar noma ce, ana shuka masara da waken soya da dankali da tumatir, akwai kuma manyan gidajen kaji. Ƙasar yashi ce, don haka takin da amfanin gona bai sha ba yana tsiyayewa zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa a matsayin sinadarin naitiret, ya bi gangare zuwa rafi. Idan wannan sinadari ya yi yawa a ruwan teku, ƙananan gansakuka suna yaɗuwa su dusashe ruwan, wasu kuma su manne a jikin ganyen ciyawar su rufe shi, ita kuwa tana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ke sauka a saman ruwa ya iso gare ta. Na je bakin Cobb Mill Creek, wani ɗan rafi da ke gangarowa zuwa Oyster, wanda masu bincike na Jami'ar Virginia suka daɗe suna aunawa. A ido ba wani abu ba ne: ruwa ne mara zurfi da ke bi ta cikin kurmi, ƙasansa cike da ruɓaɓɓen ganye da rassan itace. Amma bincikensu ya nuna cewa ruwan ƙasa mai ɗauke da naitiret, a lokacin da yake ɓulɓulowa ta cikin wannan laka mai ruɓaɓɓen ganye inda babu iskar shaƙa, ƙwayoyin bakteriya suna mayar da kaso mai yawa na sinadarin ya zama iska ya tashi sama kafin ya shiga rafin. Bishiyoyin bakin rafi su ne suke zubo ganyen da bakteriyar take ci. Wanda ya sare wannan kurmi, ko ya yashe rafin ya miƙar da shi kamar lambatu domin ruwa ya wuce da sauri, ya kashe matatar da ba a biyan kowa kuɗin gudanar da ita.

Akwai ƙarin dalilai uku da suka taimaki wannan gefe. Ƙasar da ke zubar da ruwanta a tafkunan kaɗan ce, tsibiran da ke gabansu kuma babu gine-gine a kansu, sannan ruwan Atlantika yana wanke su kullum. Idan mutum ya tsallaka babbar hanya mai lamba 13 zuwa yamma, cikin 'yan mintuna zai isa gaɓar Chesapeake, inda labarin ya bambanta. Wannan babban mashigin teku yana karɓar ruwan jihohi shida da birnin Washington. Burin da aka sa a can shi ne eka 185,000 na ciyayin ƙarƙashin ruwa. A 1984 abin da aka auna bai kai eka 40,000 ba, ya haura 100,000 a 2018 bayan shekaru na rage ƙazantar da ke shiga koguna, sai kuma ya faɗo zuwa kusan 66,000 a 2019 bayan ruwan sama mai yawan gaske ya kwaso laka da taki ya zuba a ciki. A can, yafa iri ba zai yi maganin komai ba matuƙar ruwan da ke gangarowa bai gyaru ba.

2 ga Agusta, 2024

An gama tace iri. Ana fara kwashe ruɓaɓɓen karan da ke yawo a sama, a zubar da ruwan tanki, sannan a kwaso abin da ya kwanta a ƙasa a bi da shi ta rariya kala-kala ana zuba ruwa. Aikin ya tuna mini da shiƙar hatsi, sai dai a nan ruwa ne yake aikin iska: ƙwaya mai kyau tana da nauyi tana nutsewa da sauri, ƙaiƙayi da ƙwayar banza kuma suna bin ruwa. Abin da ya rage a ƙarshe wani ɗan tari ne mai duhu, gauraye da ƙananan dodon koɗi, wanda mutum zai yi mamakin ƙanƙantarsa idan ya tuna yawan jakunkunan da aka cika. Ba a ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ana ɗibar ɗan ma'auni a ƙirga abin da ke ciki, a matsa kowace ƙwaya da hantsaki don a raba mai tauri da mai taushi, sannan a lissafa na sauran. Daga nan za a ajiye irin a cikin ruwan gishiri mai sanyi da ke zagayawa har zuwa Oktoba. Dalilin wannan ajiya shi ne, ƙwayar da ta kwanta a ƙasan tafki tun Yuni tana shafe watanni a gaban ƙaguwa da kifi kafin lokacin tsirowarta ya yi.

Wannan kuma shi ne watan fargaba. Ciyawar ta ƙasashen sanyi ce, Virginia kuma tana kusa da iyakar kudu ta inda take iya rayuwa, don haka idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 28 zuwa 30 ya daɗe a haka, sai ta fara zubar da ganye ta mutu. Hakan ya faru a 2015 a tsakiyar tafkin Hog Island, inda ruwa ya fi daɗewa bai sauya ba. Masu binciken Jami'ar Virginia ƙarƙashin Karen McGlathery, waɗanda suke auna wurin shekara da shekaru, sun ga ciyawar ta mutu a tsakiya amma ta tsira a wuraren da ruwan teku mai sanyi yake isa, ta kuma dawo cikin 'yan shekaru. Sai dai wani ɓangare na sinadarin kabon da lakar ta tara ya tafi a lokacin da ƙasa ta zama tsirara, kuma dawowarsa ta fi ta ganyen jinkiri. Ina ganin wajibi ne duk mai tallata wannan ciyawa a matsayin rumbun ajiyar kabon ya riƙa faɗin wannan ɓangare na labarin, domin ajiyar tana nan ne muddin gonar tana raye.

14 ga Satumba, 2024

Na bi wata tawagar ɗalibai zuwa Big Spring Run da ke gundumar Lancaster a jihar Pennsylvania. Tafiya ce mai nisa daga bakin teku, amma ruwan wannan rafi yana bi ta kogin Conestoga ya faɗa Susquehanna, wanda shi kaɗai yake kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga Chesapeake.

A 2008 Robert Walter da Dorothy Merritts na Kwalejin Franklin da Marshall suka buga binciken da ya sauya yadda ake kallon rafukan wannan yanki. An saba ganin rafi guda ɗaya mai lanƙwasa yana bi ta tsakanin dogayen gaɓoɓi na laka da ke zaftarewa, ana ɗauka haka Allah ya halicce shi, har masu gyaran rafi suna kwaikwayon wannan siffa. Su kuwa suka nuna cewa gaɓoɓin lakar da ta taru ce a bayan dubban ƙananan madatsun ruwa da Turawan da suka zauna a yankin suka gina don juya injinan niƙa a ƙarni na 18 da na 19. Da madatsun suka fashe, sai rafi ya yanka ta cikin lakar, yana kwasarta zuwa teku a kowace damina. A ƙarƙashin wannan laka akwai baƙar ƙasa ta tsohuwar fadama. A 2011 aka kwashe kusan tan 22,000 na lakar a Big Spring Run har aka kai ga baƙar ƙasar, aka bar ruwa ya nemi hanyarsa.

Abin da na gani fadama ce mai faɗi cike da ciyayi masu son ruwa, ruwa yana ratsa ta ta ƙananan hanyoyi da yawa, ba gaɓar da ta kai gwiwa. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, ambaliya tana bazuwa ta rasa ƙarfi ta ajiye lakarta a nan. Wannan ziyara ta daidaita mini tunani a kan aikinmu na teku. A wurare biyun an yi nasara ne saboda an tsaya an gano takamaiman abin da ya hana wurin warkewa kafin a taɓa shi: a Virginia iri ne babu, a nan kuma laka ce ta danne fadama. Ina da shakku a kan irin gyaran rafin da ake shiga kurmi da manyan motoci a sare manyan bishiyoyi domin a jera duwatsu bisa zanen da aka kawo daga wani wuri, kuma mazauna unguwanni a Maryland da arewacin Virginia sun sha yin ƙorafi a kan haka. Ko kwashe laka irin na Big Spring Run bai dace da kowane kwari ba, sai inda aka haƙa aka tabbatar akwai tsohuwar fadama a ƙasa.

17 ga Oktoba, 2024

Ranar shuka. Bayan duk wahalar tsinka da ajiya, shukar kanta ba ta ɗauki lokaci ba. An riga an zaɓi fili a wurin da ciyawar ba ta kai ba tukuna, an sa alamar kusurwoyinsa a na'urar nuna wuri. Zaɓen filin shi ne babban aiki, domin idan wurin ya yi tudu da yawa zafi da igiyar ruwa za su kashe tsiron, idan kuma ya yi zurfi haske ba zai kai ba. A tafkin Hog Island an gano cewa ciyawar tana kamawa ne a zurfin da ya kama daga kusan santimita 80 zuwa mita ɗaya da rabi. Matuƙin kwalekwale yana tafiya a hankali yana kai da komo a cikin filin, mu biyu kuma muna tsaye a gefe da gefe muna ɗibar iri daga bokiti muna yafawa, kamar yadda ake yafa shinkafa a fadama. Ba a haƙa rami, ba a rufewa. Ƙwayar tana nutsewa nan take, ta faɗa cikin ƙananan ramukan da tsutsotsi da kumba suka yi a laka, motsin ruwa kuma ya binne ta.

Na tambayi dalilin da ya sa ba a shuka wuri ɗaya babba. Tsarin da aka bi tun farko shi ne a warwatsa ƙananan filaye da tazara a tsakaninsu, domin bayan shekara biyu kowane fili zai fara zubar da nasa irin, karan da ya tsinke kuma ya yi yawo da sauran ƙwayarsa zuwa gaba, har filayen su haɗe. An kuma faɗa mana kada mu sa rai da yawa, domin a cikin kowace ƙwaya ɗari kaɗan ne suke zama tsiro. Wannan ne ya sa ake maganar miliyoyi.

20 ga Nuwamba, 2024

Ruwa ya yi sanyi, kuma a irin wannan lokaci ne ƙwayar take fara tsagewa a cikin laka, inda ba mai ganinta. Na ziyarci ɗakin binciken Cibiyar Kimiyyar Teku da ke Wachapreague, inda ake ƙyanƙyashe sikalof ana renonsu don a mayar da su tafkunan, aikin da aka faro da iyayen da aka kawo daga North Carolina. 'Ya'yan sikalof suna manne wa ganyen ciyawar ne don su tsere wa ƙaguwar da ke ƙasa, shi ya sa ba a iya dawo da su ba sai da gonar ta kafu.

Akwai wata magana da ba ta ƙare ba. Virginia ce kan gaba a Amurka wajen kiwon kumbar da ake binnewa a laka a rufe da raga, kuma wannan sana'a tana ciyar da gidaje da yawa a Willis Wharf da kewaye. Masu kiwon suna buƙatar irin ruwa mara zurfin da ciyawar take so, doka kuma tana kare duk inda ciyawar ta tsiro, don haka yaɗuwarta tana rage wuraren da za a iya ba su haya nan gaba. Damuwarsu gaskiya ce, kuma a ganina tsara inda za a yafa iri nan gaba ba zai yi kyau ba sai da su a zaune, tun da su ma rayuwarsu ta dogara ne ga tsabtar wannan ruwa.

11 ga Afrilu, 2025

Mun koma filin da muka shuka a Oktoba. Ruwan yana da sanyin da ke sa yatsu su sandare, don haka aka ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan, masu nutso biyu suka bi ta suna ƙirga duk tsiron da ke kusa da ita. Na bi bayansu na ɗan lokaci. Da farko ban ga komai ba sai laka da ɓawon kumba, sannan na fara hango su ɗai-ɗai, kowane da ganye biyu ko uku da ba su wuce tsawon yatsa ba, wani a nan, wani sai an yi taku da yawa. Wanda bai san tarihin South Bay ba zai ce shukar ba ta yi ba, amma haka waɗancan filaye suka fara.

Ba za a yanke hukunci a kan wannan fili ba sai ya tsallake zafin Yuli da Agusta, sannan hoton da ake ɗauka daga jirgin sama kowace shekara ya nuna ko tsiron ya fara haɗewa. A tsohuwar gonar da muka yi tsinka bara kuwa, karan iri sun riga sun fara fitowa. An ce a farkon Mayu za a fara buɗe kube ana duba girman ƙwaya, kuma kafin nan akwai wankin tankuna da gwajin famfo a Oyster, wanda na ba da sunana a ciki na Asabar biyu masu zuwa.